Baƙon da Muka Kusa Kashewa da Ruwa

Duk wanda ya zauna Damagaram a wancan zamani ya san ba a wasa da ruwa a garin. Duwatsu muna da su har sun yi mana yawa, rana kuwa ba a magana, amma ruwa sai an yi da gaske. In bazara ta kama, mace takan fi sauraron muryar mai ga-ruwa a ƙofar gida fiye da sallamar mijinta. To a wannan gari ne, cikin Birni, a gidan da randa ba ta taɓa kwana a cike ba, muka kusa kashe wani abu da yawan ruwa. Na sha ba da labarin nan ana cewa na ƙara gishiri. Wallahi ban ƙara ko ƙwaya ba.

Lokacin ban daɗe da tarewa ba, saura 'yan shekaru Nasara su tattara su tafi. Maigidana komi ne a buro, wato akawu a ofis, yana rubuce-rubuce a ƙarƙashin wani Nasara. Mu uku ne a gidan: ni, da shi, da mahaifiyarsa, wadda duk unguwa ke kira Inna. Mijinta marigayi fatauci ya yi, kuma tun yana raye gidan ya zama wurin ajiya. Mutumin Zermu ko na Garagumsa in zai yi doguwar tafiya, ko hajjin ƙasa irin wanda ake shekaru ba a dawo ba, nan yake kawo kayansa ya bari. An taɓa bar wa Inna tunkiya ɗaya, mai ita ya dawo ta miƙa masa garke. Ba ta da dukiya, ba ta da sarauta, ba ta yi karatu mai zurfi ba. Abin da take da shi a duniya guda ne: ba a taɓa ba ta amana ta salwanta a hannunta ba. Takan faɗi haka ba tare da ɗaga murya ba, amma ka san da shi take tsaye.

Wata rana da azahar maigidan ya shigo rungume da wani ɗan akwatin katako, duk jikinsa ramuka. A ciki akwai wani tsiro mai ganye masu kauri kamar harshen saniya, saiwoyinsa farare-farare sun leƙo ta ramukan suna lilo a waje. Babu ƙasa ko kaɗan a akwatin, sai ɓawon itace da gutsattsarin gawayi.

Ya ce matar Nasaransu ce, wadda suke kira Madam, za su tafi konje, wato hutu, ƙasarsu na 'yan watanni. Tsiron ta zo da shi ne daga ƙasashen bakin teku inda mijin ya yi aiki, tana ji da shi ƙwarai, sunansa orkide. Ta ji labarin gidanmu a bakin kukunta, shi ya sa ta ce nan za a kawo.

Inna ba ta faɗin sunan ɗanta, shi ne na fari, ba ta ma cika yi masa magana kai tsaye ba. Ta bakina take bi.

“'Yar nan, tambayi wancan, me baƙon yake ci?”

Maigidan ya dubi ƙasa ya ce, “Ta ce inuwa kawai, sai ruwa kaɗan. Kaɗan ƙwarai. Sau ɗaya a mako ya isa.”

Inna ta gyaɗa kai cike da gamsuwa. “Matar nan tana da tarbiyya,” in ji ta. “Wa zai kai ɗansa gidan mutane ya ce a cika masa kwano? Ai cewa ake yi ba ya cin abinci da yawa. Mun ji, mun gode mata. Sauran namu ne.”

Daga ranar ba wanda ya ƙara kiransa da sunan da Madam ta faɗa. Baƙo muke ce masa.

Washegari, maigidan yana fita buro, Inna ta ɗaga akwatin ta leƙa ƙarƙashinsa ta yi tsaki. Ta ce ta daɗe tana jin rowar Nasara, amma ba ta san ta kai a hana tsiro ƙasa ba. Ta ba mai jakin da ke kawo kayan garka daga Mirriya saƙo, ya zo mata da baƙar ƙasa mai danƙo, irin wadda rake ke so. Ta sa aka sayo sabuwar tukunya. Na ce ko a huda gindinta, ta dube ni ta ce tukunya mai yoyo ba ta zuwa gaban baƙo. Ta cakuɗa ƙasar da kashin awaki, ta tura saiwoyin nan ciki ɗaya bayan ɗaya, ta danne da tafin hannu. Sannan ta ɗebo moɗa cike daga randa ta kwarara masa tana cewa, “Sannu da hanya.”

Maigidan ya dawo ya gani. Sai da muka shiga ɗaki ya ce mini ba haka aka ce a yi ba.

Na ce, “To ka gaya mata mana.”

Ya ce, “Ke ki gaya mata, ai ku mata ne.”

Ji wata magana. Shi da ta haifa ya kasa, sai ni da na shigo gidan jiya, ko mayafi ban gama saukewa a gabanta ba. Ba wanda ya gaya mata a cikinmu, kowa yana jin haushin ɗan'uwansa.

Moɗar farko ta safe ta baƙo ce, kafin kowa ya kurkure baki. Da rana ta take a ƙara masa, saboda zafi. Da la'asar ma haka. Labari ya bazu a unguwa cewa Inna ta yi baƙo daga gidan Nasara, mata suka riƙa shigowa kallo. Wadda duk ta zo, bayan gaisuwa, sai ta ce bari ita ma ta sami lada, ta ɗauki moɗa ta zuba. Ba wadda ta taɓa zuwa da ruwanta, ladan duk daga randarmu ake ɗiba. Ni kuwa ina can bakin madafa ina wanke kwanuka da ruwan da na riga na wanke gero da shi, ina kallo, zuciyata tana tafasa.

Da farko baƙon bai ce komai ba. Sai ganyen ƙasa ya fara rawaya. Sauran suka yi laushi, suka yamutse, suka sunkuya a bakin tukunya. Inna ta tsuguna ta daɗe tana dubansu, ta ce, “Ƙishirwa ce. Allah sarki, mun gaza masa.” A garinmu in ka ga abu ya yi yaushi ba ka da wata fassara. Gero ne, akuya ce, tsoho ne, magani ɗaya muka sani. Ta ninka ruwan. Ta yi masa jiƙon sabara. Ta karɓo rubutu wurin malamin unguwa, ba ta gaya masa na wane ne ba, ta ce dai wani baƙo ne ba ya jin daɗi.

Bazara ta tsananta, rijiyoyi suka ja baya, masu ga-ruwa suka fara wuce ƙofarmu kamar ba su san mu ba. Abin da ake samu bai isa mu da baƙo ba. Inna ba ta rage na kowa ba, nata ta rage. Na lura in na kai mata kwanon sha sai ta ɗan kurɓa ta ajiye, in na juya baya ta kai wa tukunya. Leɓenta ya tsattsage, muryarta ta dishe. A nan haushina ya koma tsoro. Tsohuwa tana bushewa a gabana saboda wani ganye da ko akuya ba ta kula shi, ni kuma ba ni da bakin magana. Na tsani tsiron nan tsana mai tsanani, na tsani Madam da ban taɓa gani ba, har kukunta mai dogon baki na haɗa.

Sai wari ya fara. Wani irin wari kamar na albasar da ta ruɓe a gindin buhu. Kowa yana ji, kowa yana yi kamar bai ji ba, don ba a cewa baƙo yana wari.

Ana cikin haka Kawu ya zo daga Zermu karɓar fansho. Ƙanen Inna ne, tsohon soja, ya yi yaƙin Nasara a wata ƙasa mai nisa da yake kira Indoshin. Tun da ya dawo ba wanda ke gaskata shi. Shi ne ya ce ya ga garin da ake ruwan sama wata da watanni ba a ɗauke ba, ya ga kasuwa a kan ruwa, ya ga mutane suna shuka a cikin tafki. A Damagaram wannan ko yaro ba zai saya ba. In ya fara, Inna takan ce, “Soja, ci abincinka.”

Yana shigowa ya toshe hanci, shi da ba ya jin kunyar kowa. Ya bi warin har bakin tukunya, ya tsaya, ya karkata hula.

“Yaya, ina kika samo wannan? Ai na san shi. Can a kan itatuwa yake zama, yana rataye, ba ruwansa da ƙasa. Iska yake sha.”

“Ka fara ko?” in ji Inna. “Yanzu kuma tsiro ne ke shan iska.”

Kawu ya naɗe hannun riga ya cusa yatsa cikin tukunyar. Yatsan ya nutse har gindi, ya fito da baƙin ruwa yana ɗiga, warin ya tashi ya cika tsakar gida. Ya ɗaga shi a gaban fuskarta. “Wannan ƙishirwa ce, Yaya? Kin jiƙa shi kamar za ki yi gumba da shi.”

Maigidan yana zaune a bakin zaure. Ban san inda ya samo ƙarfin hali ba ranar. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Inna, abin da matar ta faɗa ke nan tun farko. Ba kunya take ji ba. Kaɗan ɗin take nufi.”

Inna ta ce, “'Yar nan, fasa tukunyar in gani.”

Na ɗauko taɓarya. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin dukan nan. Tukunyar ta rabe, laka ta zube, ruwa ya malala a ƙasa, ruwan da za mu yi kwana biyu muna sha. Kawu ya zaro tsiron ya girgiza. Saiwoyin nan farare da suka zo da ƙarfinsu duk sun zama baƙaƙe, sun yi lugub. In ka kama ɗaya sai fatar ta saɓule a hannunka, ta bar wani siririn zare. Inna ta kai hannu ta taɓa, ta dubi yatsunta. Sai ta zauna a ƙasa daɓas, ba tabarma, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

“Da hannuna,” in ji ta. “Ɓarawo bai shigo ba, gobara ba ta tashi ba. Ni na zauna na kashe kayan mutane da hannuna.”

Daɗin da na ji ya gudu. Na tsaya riƙe da taɓarya kamar wata sakarya.

Kawu ya juya tsiron ya ce bai mutu ba tukuna. Can sama, kusa da wuyan ganye, akwai 'yan saiwoyi biyu da lakar ba ta kai gare su ba, suna nan da tauri. Ya ce a yanke duk abin da ya ruɓe. Ya zaro wuƙarsa, Inna ta ce ya mayar, ba a sa wa baƙo wuƙar yankan goro. Wanzamin gidan aka kira, wanda ya yi wa maigidan aski tun ranar sunansa. Mutumin ya zo da zabirarsa yana zaton ƙaho za a yi. Da aka nuna masa majinyacin ya dubi Inna, ya dubi Kawu, ya ce ya roƙe mu don Allah kada maganar nan ta fita zaure. Amma da ya zauna, aikinsa ya yi. Ya gasa aska a wuta, ya bi ruɓaɓɓun saiwoyin yana yankewa har sai ya kai inda nama yake da rai, ya barbaɗa toka a kowane miki. Da ya gama, abin da ya rage bai cika tafin hannu ba.

Maigidan ya ce da ma akwatin nan na farko yana nan. Inna ta harare shi ta gefen ido, ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da shi a naɗe cikin tsumma, har da ɓawon da gawayin da ya zo da su, ba abin da ya ɓata. Ai shi ma amana ne. Muka ƙara tsingaron tukunyar da na fasa, aka zaunar da baƙo a sama-sama, aka ɗaure shi da zare don kada ya faɗi, aka rataye a rumfar ƙofar ɗakin Inna inda iska ke bi. Maigidan ya ce kada ruwa ya taɓa shi sai mikin ya bushe, daga nan kuma ranar Juma'a kawai, a tsoma a cire. Kawu ya ƙara da cewa yana son hayaƙin taba, kuma Faransanci kawai yake ji. Kwanakin da ya yi a gidan kullum da safe sai ya tsaya gaban akwatin ya busa masa hayaƙi ya daka masa tsawa irin ta bariki. Wannan kam ba mu ci gaba da shi ba bayan ya koma Zermu.

Yankan bai ba Inna wuya ba kamar hanin ruwan. A ce akwai mai rai a ƙofar ɗakinta, rana tana dukan duniya, ita ta sha shi bai sha ba. Na sha ganin ta ɗauko moɗa ta nufi rumfa, ta tsaya a tsakiyar hanya, ta komo ta mayar a randa. In za ta sha ruwa sai ta juya wa akwatin baya, ta fuskanci bango, ta sha da sauri kamar mai satar azumi. Ta daina bari mata su shigo kallo. In an tambaye ta baƙo sai ta ce yana nan, ta kawo wata magana.

Wata safiya na fito na tarar da ƙaramin ƙoƙo cike da ruwa a kan wani dutse, daidai ƙarƙashin akwatin. Na ce, “Inna, ai an ce kada a ba shi.”

Ta ce, “Na ba shi ne? Ajiyewa na yi. Baƙo ruwa ake kawo masa a ajiye a gabansa, ba a kama shi a yi masa ɗure. In ya ga dama ya sha, in bai ga dama ba ya bari. Ni dai na fita.”

Kafin la'asar zafin Damagaram ya shanye rabin ƙoƙon. Inna ta leƙa ta ce, “Kin gani? Da ma kunya yake ji ya sha ana kallonsa.” Ban yi gardama ba. Maigidan ma da na gaya masa ya ce a bar ta, wai a gidan Madam ya taɓa ganin faranti da ruwa a ƙarƙashin akwatin, bai san amfaninsa ba. Daga ranar kullum sai an cika ƙoƙon. Amma juya baya in za ta sha, wannan ba ta daina ba.

Baƙon ya daɗe bai nuna ko yana raye ko ya tafi ba. Sai da damina ta sauka, wata Juma'a ina tsoma shi, na ga bakin saiwa ɗaya ya yi kore shar, ya ɗan ƙara tsawo. Na kira Inna. Ta zo ta duba, ta ce alhamdu lillahi, ta koma ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. Kafin kaka sabon ganye ya ɓullo daga tsakiya.

Watannin konje suka cika, Madam ba ta dawo ba. Aka kawo wani Nasara a buro, aka ce wancan an tura shi wata ƙasa, ba wanda ya san wacce. Kukun ma ya bar gari. Duk ranar da aka ji ƙarar mota a bakin Birni sai Inna ta sa in goge ganyen da ɗanyen tsumma. Shekara ta juyo, wata ta bi ta. Gari ya cika da maganar ƙuri'a da jam'iyyu, sannan aka ce an sami mulkin kai, aka sauke tuta aka ɗaga wata. A cikin wannan shekarar ne baƙon ya fid da wani dogon tsinke ya jera furanni farare a kai. Inna ta sa hanci ta shinshina. Babu ƙamshi. Ta jira ko zai yi 'ya'ya, bai yi ba. Ta ce, “Ikon Allah. Ba a miya da shi, ba a turare da shi. Duk wahalar nan ashe ado ne kawai.” Ta cika masa ƙoƙonsa.

Maigidan, wanda yanzu shi ke zaune a kujerar da Nasara ya bari, ya ce mata, “Inna, ai sun tafi. Ba mai zuwa karɓa. Ƙasar ma gaba ɗaya ta dawo hannunmu, balle wannan. Ya zama namu.”

Ranar kai tsaye ta amsa masa, ba ta bi ta kaina ba. “Ƙasa da ma tamu ce. Wannan nata ne.”

Ba a yi shekara biyu ba ciwo ya kwantar da ita. Da ta ga jikin ba na tashi ba ne, ta sa aka aika wa duk mai ajiya a gidan. Aka zo aka kwashe buhuna, da akwatuna, da wani sirdi da ya fi ni daɗewa a gidan. Ɗakin ajiya ya zama fayau. Saura abu ɗaya yana lilo a rumfa, kuma daga inda take kwance tana hango shi ta ƙofa. Ta daina cin abinci sosai, ba ta samun barci, bini-bini sai ta tambaya ko an ji labarin matar nan. Liman ya zo ya ce mata babu laifi a kanta, ta yi iyakar ƙoƙarinta. Ta ce ta ji, amma idonta yana kan rumfa.

Wata rana da hantsi na shiga da kunu na tarar tana hawaye. Ta ce, “'Yar nan, in an tambaye ni wa na bar wa, me zan ce?”

Ni da na fasa tukunya da murna, ni da na yi shekaru ina fatan akuya ta yi tsalle ta hutar da mu. Na ajiye kunun na fita na kira maigidan da Kawu, wanda ya zo dubiya, na ce su tsaya su zama shaida. Na kwance akwatin daga rumfa na kawo gabanta. Ta ɗora hannu a kai. Ta ce in matar ta zo, ko ɗanta, ko jikanta, in ba su, kuma in gaya musu gaskiya cewa saiwar ta taɓa ruɓewa a gidan nan, kada in ɓoye. Ta ce ruwa ranar Juma'a, ƙoƙo kullum.

Na ce, “Na karɓa, Inna. Ya fita hannunki.”

Ta sa na maimaita, na maimaita. Ta janye hannunta ta sauke numfashi. Can ta ce in ba ta ruwa. Na ɗebo a kwanon sha, na tallafo kanta, ina shirin juya ta wajen bango kamar yadda muka saba. Ta ce in bar ta haka. Akwatin yana gabanta, tana kallonsa, ta kafa kai ta sha a hankali har ta shanye, ba ta rage ko ɗigo ba.